Wasiƙa Mai Ladabi ta Maame Afrakoma

"Layi uku?" in ji Maame Afrakoma. "Layi uku za ka aika wa mutumin da ke zama a majalisa, Tica? Ai ko ɓarawon akuya aka kama, akan tambaye shi ɗan gidan wane ne kafin a fara dukansa."

"Maame, na gaya miki mutanen nan ba su da lokaci."

"Kai ne agogonsa?"

Tica Amankwatia ya zare tabarau ya ajiye a gefen kwamfuta. Shekara talatin ya yi yana koyarwa a firamare, da ya ajiye alli sai ya samu kujera a lungun shagon intanet na bakin tasha, yana rubuta wa mutane saƙo. Duk Obenkrom da wuya ka samu wanda bai taɓa zama a bencinsa ba, kuma babu asirin garin nan da bai bi ta yatsunsa ba. Ya sake karanta mata abin da ya rubuta, a hankali, kamar mai fama da ɗan aji biyu: sunanta, lambar rumfarta, da roƙon a cire sunan marigayi mijinta a sa nata kafin Juma'ar ƙarshen wata.

"To, me ya rage?" ya ce.

"Ladabi ya rage. Babu gaisuwa, babu addu'a, ba ka ma gaya masa ko 'yar wace ce ni ba. Ka shiga masa kai tsaye kamar ɗan sanda."

Ga yadda abin yake. Za a rushe tsohuwar tashar mota a gina sabuwa, har an bi rumfuna da jan fenti. Duk mai rumfa a tsohuwar zai samu a sabuwar, bisa sunan da ke cikin littafin tasha. Rumfa ta goma sha huɗu kuwa, ko makaho ya san ta Afrakoma ce. Shekara ashirin da shida tana kirɓa fufu, wato sakwarar rogo, a cikinta, direbobi na lashe yatsu da miyar gyaɗa da naman gyazbi. Sai dai ranar da aka yi rajista tana kan gwiwa, haihuwar 'yarta Pokuaa, don haka mijinta Opanin Gyasi ne ya je. Shi kuwa namiji, in ya ga takarda da biro, sunansa ne kawai yake faɗo masa a rai. Ya rubuta nasa, aka manta.

Da Gyasi ya rasu bara waccan, ɗan 'yar'uwarsa Nimako ya zo daga Kumasi ya gaji gida da gonar koko, yadda aka saba, tunda ɗan 'yar'uwa ke cin gado a nan ba matar mutum ba. Afrakoma ba ta ja da kowa ba. Ta kwashe tukwanenta da katifa ta koma ɗan ɗakin da ke bayan rumfa. Rumfar nan ita ce abincinta, ita ce kuma makwancinta. In ta kuɓuce mata, sai dai ƙauyen uwarta, ƙarƙashin wani yayanta da ba sa ga maciji tun ranar da aka raba zannuwan tsohuwa.

Magatakardan tasha ne ya raɗa mata zancen, yana cikin tsotsar ƙashi. Sunan Gyasi ne a littafi. In magaji ya nema, tasa ce, babu mai hana shi. In bai nema ba, Onorabul, ɗan majalisarmu, wanda shi ne shugaban kwamitin rabo, yana iya gyara sunan da ɗigon biro ɗaya. Nimako kuwa bai san da zancen ba, yana can yana sayar da tayoyin mota. Sau biyu Afrakoma ta je ofishin Onorabul ta tarar da kwaɗo. Shi da sakatariyarsa duk suna Akara, babban birni, majalisa na zama. A jikin ƙofa an liƙa takarda da adireshin imel, wai duk mai kuka ya rubuto, ana karantawa.

Abin da ya zaunar da ita a bencin Tica ke nan, da sauran kwana goma sha tara.

"Bari in nuna maka wasiƙa," ta ce.

Ta kwance bakin zani ta fito da wata takarda ninki huɗu, gefenta duk ya sha manja. Tica yana ganinta ya dafe kai. Ya san ta sarai. Pokuaa, wadda yanzu ke aiki a Italiya, ta sa an buɗe wa uwarta akwatin imel don ta riƙa aiko da hoton jika, to a cikin akwatin nan ne wasiƙar ta faɗo bara. Shi ya karanta mata, yana fassarawa yana dariya, ita kuwa ta ce a buga mata a takarda. Daga wata Madam Selestin ce, wai matar wani babban soja da ya mutu a wata ƙasa mai yaƙi, ya bar akwatunan dukiya, tana neman mai tsoron Allah ya taya ta ɗauka.

"Maame, wannan ai ta 'yan damfara ce."

"Na sani mana. Ka ga na yi kama da wadda aka haifa jiya? Babu wata Madam Selestin. Wani ƙato ne zaune a shago irin wannan yana ɓare gyaɗa. Amma dubi yadda ya iya magana. Ya gaishe ni da sunan Ubangiji. Ya ba ni haƙuri a kan ya shigo ba mu san juna ba. Ya ce wani amintacce ne ya ba shi adireshina. Ya faɗi ciwon da ya kashe mijin. Sai da ya gama duk wannan sannan ya taɓo buƙata, kuma bai zo hannu rabbana ba, ya yanka mini kasona. Wannan ko ɓarawo ne, uwarsa ta yi tarbiyya."

"Maame..."

"Ban gama ba. Pokuaa ta ce wani Bature a wurin aikinsu har motarsa ya sayar saboda irin wannan wasiƙa. To wasiƙar da ta raba Bature da motarsa, ita ce za ta kasa sa Onorabul ya ɗaga biro?"

Tica yana ji a jikinsa akwai inda maganar ta karkace. Sai dai ga mutum biyu a benci suna jiran layi, sun miƙa kunne. Ya mayar da tabarau, ya goge layi ukunsa.

Ita ke faɗa, shi ke juyawa da Turanci. Ta ce a sa manyan baƙaƙe tun daga sama har ƙasa, don babban mutum ba a yi masa ƙananan rubutu. A kan wasiƙar aka rubuta cewa ta gaggawa ce ƙwarai kuma ta sirri. Aka gaishe da Onorabul da sunan Ubangiji, shi da uwargida da yara da waɗanda ke ci a ƙarƙashinsa. Aka ba shi haƙuri a kan wannan saƙo zai zo masa ba zato. Aka gaya masa mai rubutun gwauruwa ce, matar marigayi Opanin Gyasi, wanda ya yi jinyar wata bakwai, kuma wani amintacce ne ya ba ta adireshinsa.

"A jikin ƙofa kika gani," in ji Tica.

"Ƙofar ba amintacciya ba ce? Rubuta."

Aka ce marigayin ya bar wata kadara da sunansa, wadda ba kowa ya san da ita ba, kuma dangi za su cinye in ba a hanzarta ba. Can wajen layi na arba'in aka ambaci rumfa ta goma sha huɗu da sunan Nimako. A ƙarshe aka yanka wa Onorabul kasonsa: rago ɗaya, kwalba biyu ta barasar da ake kai wa manya, da fufu kyauta muddin rai. Aka roƙe shi kada ya gaya wa kowa.

Da Tica ya karanta mata duka, sai da ta share ido da gefen mayafi. Ta ce ko a jana'izar Gyasi ba a yi magana mai daɗin wannan ba. Ya danna, ta tafi.

Kullum da hantsi, in ta sauke tukunyar farko, sai ta tsallako titi da hayaƙi a jikinta a buɗe mata akwati. Akwatin ba ya rasa baƙi. Yau an ce ta ci cacar wata ƙasa da ba ta taɓa jin sunanta ba, gobe mai maganin ƙarfin maza, jibi wani ɗan sarki da aka kora. Onorabul dai shiru. Tica ya ce a sake aika gajeriya, ta ce wanda bai amsa doguwar gaisuwa ba, tsawa ce zai amsa?

Ranar Alhamis ta biyu da aika wasiƙar, bayan an tashi daga zumuntar matan coci, ta ja Anti Dufie mai atamfa gefe ta gaya mata, a kan kada ta gaya wa kowa. Dufie ta riƙe haɓa.

"Ke kaɗai kika je?"

"Ba zuwa na yi ba, 'yar'uwa, a kwamfuta ne."

"Ko a kwamfuta ne. Wa yake zuwa gaban babban mutum shi kaɗai kamar maraya? Ko ƙarar kaza za ki kai fada, ai kya nemi masu raka ki, a ga kina da mutane. Yanzu ya buɗe ya ga mace ɗaya tilo tsaye, ya ce wannan ba ta da kowa, ta jira."

Maganar ta shigi Afrakoma. Dufie kuma ba ta tsaya nan ba. Ta ce ita ma tana da akwati, kuma kwanaki wata addu'a ta faɗo mata wadda aka ce a tura wa mutum goma kafin kwana uku. Ta tura. Ba a yi wata ba aka ba ɗanta biza. Ta ce abin da ta lura, saƙon da aka sa wa wutsiya irin wannan ba ya zama wuri ɗaya, ƙafa gare shi.

Washegari su biyu suka sa Tica a tsakiya.

"Kin ce sirri ne," ya ce.

"Sirri ne mana. Shi ya sa za ka ƙara a ƙasa cewa duk wanda ya karanta ya riƙe a cikinsa."

"Maame, mutum goma in kowa ya tura wa goma, ɗari ke nan. Ɗari kuma..."

"Ka ga, har ka fara gane amfanin abin," in ji Dufie.

Ya ce shi ba zai sa hannu a wannan ba. Afrakoma ta tambaye shi, a gaban mutane, wace ce ta riƙa aika masa miya a rufe lokacin da matarsa ta yi yajin wata huɗu, kuma wa ta taɓa gaya wa dalilin yajin. Tica ya waiga ya dubi benci. Ya gyara zama ya ce su faɗi abin da za a rubuta.

Wutsiyar ta fi wasiƙar armashi. Duk wanda saƙon ya iske, ya tura wa Onorabul, sannan ya tura wa masu tsoron Allah goma. Wata mata ta tura, shekara tara ba haihuwa, yanzu tagwaye take goyo. Wani ɗalibi ya tura, ya ci jarrabawar da bai yi karatunta ba. Wani direba kuwa ya yi dariya ya share, a ranar gindin motarsa ya karye a kan gada da lodin doya. Direban nan Afrakoma ce ta ƙirƙire shi da kanta, ta kuma so a sa masa sunan wani da ya taɓa cewa miyarta ta yi ruwa, da ƙyar Tica ya hana.

Aka fara da matan zumunta masu akwati, su shida, da 'ya'yan waɗanda ba su da shi.

Direbobi ne suka fi ɗaukar abin da zafi. Rabinsu ba su san inda ake kunna kwamfuta ba, amma zancen gindin mota ya iso tasha, kuma babu mai son a gwada a kansa. Suka riƙa zuwa a buɗe musu akwati don kawai su tura su huta. Mai shagon intanet ya ƙaro benci. 'Yan sakandare suka ji labarin ɗalibin nan, ga jarrabawa ta matso, suka tura wa goma, masu ƙarin tsoro suka tura wa talatin. Kafin Lahadi babu wanda bai san sirrin Afrakoma ba, kowa kuma yana riƙe da shi a cikinsa yadda aka roƙa, sai dai in ya gamu da wani. Masu zuwa cin fufu suka ƙaru. In sun shigo sai su rage murya su ce, "Maame, an amsa?" Ita kuwa ta ɗora yatsa a leɓe ta zuba musu miya.

Ranar Litinin aka kira ta a waya daga Italiya.

"Maame, me kika yi?" in ji Pokuaa. "Wata mata a cocinmu, ba ma 'yar ƙasarmu ba, ta turo mini wasiƙa da sunan babana a ciki. Ta ce in tura wa goma."

"Kin tura?"

"Maame."

"Ki tura, ke da kike neman takardar zama."

"In ta kai hannun Nimako fa?"

"Nimako? Wanda tun yana yaro in ya ga littafi barci yake ɗaukarsa? In ba lambar taya ba me yake karantawa? Ya jikana, ya fara haƙori?"

A ranar Laraba wasiƙar ta dawo akwatinta da kanta, ta zaga duniya ta yi ƙiba. Tica ya karanta mata. Opanin Gyasi, wanda iyakar sarautarsa yankan tikiti a tasha, ya zama babban dillalin zinariya. Rumfa ta goma sha huɗu ta zama ma'ajiya ta goma sha huɗu a wani banki. Ragon ya ɓace, an sa kashi ashirin cikin ɗari a madadinsa, kuma wani ya liƙa lambar wayarsa a ƙasa don masu son taimakawa. Direban ma yanzu ba gindin mota kaɗai ya rasa ba, har da ƙafa.

Afrakoma ta saurara har ƙarshe. Abin da ya ɓata mata rai kawai cire ragon.

"Amma ka ga ta yi nisa," ta ce. "Yanzu ko kurma ne Onorabul ya ji. Akwatinsa ya cika da mutanena."

Kwana biyu ke nan Tica ba ya tsallakawa cin fufu, wai cikinsa ne ba daɗi.

Juma'ar ƙarshen wata, tun kafin ta dafa rogo, labari ya iso tasha cewa an ga motar Onorabul, kuma an cire kwaɗon ofis. Ta bar tukunya a hannun maƙwabciya. Ta yi wanka, ta ɗaura farin zani mai ɗigon baƙi, irin na zuwa godiya, ta sa kwalaben nan biyu a kwando ta rufe da tawul. Ragon ta ce sai an ga biro ya taɓa takarda. Ta biya ta ɗauki Tica, don babban mutum ba a zuwa gabansa ba mai magana.

Onorabul ba ya nan, ya wuce gaisuwar mutuwa a wani ƙauye. Sakatariyarsa suka tarar, Sista Ofeibea, wata siririya mai dogayen farata, tana cin soyayyar ayaba a takarda, kwamfuta a gabanta. Suka gaisa. Tica ya yi gyaran murya ya gabatar: Maame Afrakoma, matar marigayi Opanin Gyasi, ta zo jin amsar wasiƙarta.

Ofeibea ta tsaya da ayaba a hannu.

"Gyasi? Mai zinariya?"

"Mai tikiti," in ji Afrakoma.

"Anti, ke ce? Ashe akwai ki a duniya?" Ta ajiye ayabar ta goge hannu, ta dubi farin zanin, ta dubi kwandon. "Ni na ɗauka babu ke. Mako guda ina zagin ki safe da yamma, ki yafe mini."

"Na yafe, 'yata. Ya karanta?"

"Matso ki gani."

Ta juyo da fuskar kwamfutar. Afrakoma ba ta iya karanta Turanci ba, amma ta san manyan baƙaƙenta in ta gan su. Ga su nan jere, layi bisa layi, iri ɗaya, Ofeibea na gungurawa ba sa ƙarewa.

"Duk mutanena ne," ta ce wa Tica a hankali.

"Wannan juji ne, Anti," in ji Ofeibea. "Akwatin yana da mai gadinsa a ciki. In wasiƙa ta zo yana shinshina ta, in ya ji warin damfara sai ya jefa ta nan, ba ta kaiwa gabanmu. Manyan baƙaƙe, gaggawa, sirri, gwauruwa, kaso. Taki babu wanda ta bari. Ga ta farkon nan, tun ran sha ɗaya ga wata, ko minti ɗaya ba ta yi a ƙofa ba."

"Sauran fa?"

"Sun haura ɗari tara. Har daga ƙasashen da ban san muna da masu zaɓe ba. Sai da akwatin ya toshe, wasiƙun mutane na gaskiya suka riƙa komawa. Muka kira mai gyara ya ce wa mai gadin duk inda ya ga irinta ya kama."

"Mutane na gaskiya," in ji Afrakoma.

"Ba haka nake nufi ba, Anti."

"Ko ɗaya bai karanta ba?"

"Ni ke bugawa a takarda duk Litinin in ajiye masa a tebur. Abin da ya shiga juji ba na bugawa. Da zan buga, kullum sai na kai masa gwauraye ashirin."

Afrakoma ta sauke kwandon a ƙasa. Ta gyara mayafi, ta ce to ba komai, abin da ya wuce ya wuce, ga ta ta zo da ƙafarta kuma yau Juma'a ce, rana ba ta faɗi ba. Rumfa ta goma sha huɗu. A cire Gyasi a sa Afrakoma.

Ofeibea ta jawo wani koren fayil ta shiga buɗawa. Da ta kai wata takarda sai hannunta ya tsaya. Ta ɗago ta dubi Tica, kamar shi zai fi iya ɗauka.

"Goma sha huɗu an sa mata hannu tun shekaranjiya. Magaji ya nema."

Ta zaro takardar da ke maƙale a baya ta miƙa. Tica ya sa tabarau. Rubutun bai kai faɗin tafin hannu ba, sauran takardar fari fat.

"Karanta," in ji Afrakoma.

"Daga Nimako ne. Ya ce, wani abokin cinikinsa ya turo masa wata wasiƙa da ke yawo, a ciki ya ga kawunsa Gyasi yana da rumfa ta goma sha huɗu a tashar Obenkrom. Shi ne magaji, yana nema."

"Ci gaba."

"Shi ke nan."

"Bai gaishe shi ba?"

Tica ya juya takardar ya duba baya. "Bai gaishe shi ba."

"Bai tambayi uwargida ba? Yara fa?"

"Layi biyu ne, Maame."

"Ya biyo da takardar shugaban danginsu ta imel ran Talata," in ji Ofeibea. "Komai daidai. Ya ma ce wai a gode wa duk wanda ya rubuta wasiƙar, shi bai taɓa sani ba."

Fanka na juyawa a sama. A waje wani mai tura baro yana faɗa da mai tasi. Afrakoma ta tsaya tana kallon takardar a hannun Tica.

"Zan jira Onorabul," ta ce.

"Daga wurin mutuwar, Akara zai wuce, Anti. Ko ya dawo ma babu abin da zai iya. Da ba a nema ba ne, da biro ɗaya ya isa. Tunda magaji ya nema, ko shi ba shi da iko. Sunayen ma sun tafi wurin masu gini."

"Shekara ashirin da shida. Shi Onorabul ɗin nan, lokacin yana yawon neman ƙuri'a da silifa, a rumfar nan yake zama. Nama biyu nake sa masa."

"Na yarda, Anti."

"Nimako ko taɓarya bai san yadda ake riƙewa ba. Me zai yi da rumfar fufu?"

"Ya ce tayoyi zai zuba."

Tica ya ajiye takardar a tebur a hankali, ya shiga goge tabaran da ba su yi datti ba. Shi dai bai ce na gaya miki ba, kuma a shaide shi a kan wannan, don ba kowane namiji ne zai iya ba.

Ofeibea ba muguwa ba ce. Ta ga yadda tsohuwar ta tsaya, sai ta sassauta murya.

"Hanya ɗaya ce ta rage. In shi Nimako ya rubuto da kansa ya ce ya bar miki, a nan ne za a iya gyarawa. Ki roƙe shi, Anti. Ai ɗanki ne, a hannunki ya ci abinci. Ga ma adireshin imel ɗinsa a saman takardar, yana amsawa da wuri."

A nan ne haƙurin Tica ya ƙare, ko kuwa sabon aiki ne ya ja shi. Ya zaro biro daga aljihu, ya sunkuya ya fara kwafar adireshin a tafin hannunsa.

"Bari mu ɗauka, Maame. In muka koma yanzu kafin a ɗauke wuta, sai mu rubuta masa. Amma don Allah wannan karon ki bar ni in..."

Afrakoma ta sunkuya ta ɗauki kwandonta, kwalaben suka yi ƙara a ƙarƙashin tawul. Ta dubi Tica tun daga tabarau har takalmi, ta dubi kwamfutar da har yanzu manyan baƙaƙenta ke jere a fuskarta.

"In roƙi Nimako," ta ce. "Yaron da na yi wa tsarki."

Ba ta yi wa kowa sallama ba. Ta fita, ta jawo ƙofar ofishin Onorabul ta buga da ƙarfin mai kirɓa fufu.